Lambar Wayar Dillali

Tun ina ƙarama aka san ni da baki. Mahaifina ɗan kasuwa ne, iyayensa daga Haɗeja suka biyo jirgin ƙasa suka zauna a Nguru, kuma yakan ce da namiji ce ni da rumfa zai bar mini, don ba mai taya ni kaya ya tafi da dariya. Amma aikin asibiti na shiga. A Gashuwa na fara, cikin shekarun casa'in, a ƙarƙashin wani likita da duk yankinmu ake shakkarsa. Shi ya koya mini komai, har rubuta kati. In ya ga ƙazantar rubutu sai ya yaga katin a gabanki ki sake. Ni kuwa lamba biyu ce ta hana mu zaman lafiya, wai ina yi mata wuya da ƙirji kamar agwagwa. Ya yi faɗan har ya gaji, ya koma tsokana. In ya ɗauki kati sai ya ce, "Wannan na 'yata ne, ga agwagwarta nan." Duk asibitin ni kaɗai yake ce wa 'yata, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Shekara goma da 'yan kai bayan nan, ina shugabar wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a bakin garin Nguru, sabis ɗin waya ya iso mana. Ba a jima ba wata ƙungiya ta zo da shiri a kan masu tarin fuka. Maganin tarin nan wata takwas ake sha, kuma babbar matsalarmu ita ce mutum ya ji sauƙi a wata na biyu ya ɓace. Dabararsu ita ce duk Laraba da hantsi kwamfuta ta tura wa mara lafiya saƙo a waya, da sunansa, ta ce ya zo ya karɓi maganin tarinsa. Wani Bakano ne yake kula da kwamfutar, mutum mai haƙuri da furfura a gemu, muna ce masa mai kwamfuta. Asibiti uku aka zaɓa don gwaji, nawa yana ciki.

A takardar rajista akwai gurbin lambar waya, kuma dole a cike shi. To matan rugage ina suka ga waya? Amma kowace tana da lamba. Za ki ga ta kwance bakin zane ta fito da 'yar takarda da ta sha gumi. Lambar dillalin mijinta ce, wanda yake sayar musu da shanu a kara. Wajensa suke sauka, ta wayarsa ake sanar da su haihuwa da rasuwa, shi ne adireshinsu a gari. Na san da haka sarai, a garin aka haife ni. Amma na karɓa na rubuta, ban yi tunanin komai ba.

Cikin waɗanda na rubuta akwai wata mai nono daga wata ruga a hanyar Machina. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ta fara jin sauƙi sosai. Sati uku da fara tura saƙo sai ga ta da rana tsaka, ba ranar maganinta ba. Ba ta zauna ba. Ta ajiye katinta a kan teburina.

"Likita, ga takardarka," in ji ta, da Hausarta ta Fulani. "Ni ba ni da tari."

Na ce ta zauna ta yi mini bayani. A tsaye ta yi shi. Saƙon ya shiga wayar dillali ranar kasuwa. Shi bai iya boko ba, sai ya miƙa wa mai shayi, mai shayi kuwa ya karanta da ƙarfi kamar yadda yake karanta wa kowa, da sunanta da sunan ciwon, rumfa cike da mutane. Kafin la'asar maganar ta kai layin masu nono.

"Kwana huɗu ina kawo nono ina komawa da shi," ta ce. "A gida ma an ware mini ƙoƙo. In aka sake ganina a nan, magana ta tabbata."

Abin da na yi shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Maimakon in ba ta haƙuri, sai na hau ta da faɗa. Na ce nono ya fi mata ranta ne? Na ce in ta daina shan magani mutuwa za ta yi. Ta saurare ni har na gama, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. A rajista na rubuta cewa ta daina zuwa, ban rubuta dalili ba. Tsoro na ji, don da hannuna na rubuta lambar nan.

Bayan damina sai ga ƙanwarta, da goyo a baya, tana tari irin na yayarta. Ita ta gaya mini yayar ta rasu a can wajen kiwo. Da gwaji ya nuna ita ma tana da ciwon, na zo gurbin lambar waya, ta fara kwance bakin zane. Na riƙe hannunta na ce ta bar shi. Na rubuta lambata.

Daga ranar duk macen da ta kawo lambar aro, tawa nake sawa. Ba wanda ya lura, don dama lamba ɗaya takan fito sau da yawa, mutum goma suna iya kawo ta dillali ɗaya. Lambobinsu na gaskiya da kwatancen rugagensu na zuba a wani ɗan littafi da ba ya barin jakata. Duk Laraba da hantsi wayata ta yi ta kuka, ni kuma in bi su da ƙafa. Da ƙanwar nan muka yi tsari namu. In na zo layin masu nono na ce mata, "Gobe ki kai mini gida," ta gane. Washegari ta shigo gidanmu da ƙwarya kamar kowace mai talla, in juye nonon, in sa maganin a ciki, ta rufe da faifai ta fita. Ko mijinta cewa yake maganin ƙarin jini take sha.

Sai ga shi a asibitina ba macen da ta sake ɓacewa. Rahotona ya fi na kowa kyau, aka fara ambatona a taro. Ni kuma duk yabon da aka yi sai in tuna littafin da ke jakata.

Da zafin bazara aka kira mu Gashuwa, taron kwana biyu, Talata da Laraba. Za a baza shirin a duk ƙananan asibitocin yankin, amma sai masana sun yarda tukuna. Mu wajen ashirin ne: likitoci, masu haɗa magani, ungozomomi, jami'an lafiya daga Nguru da Gashuwa da Yusufari da Machina. Likitan da ya rene ni shi ne shugaba. Ya tsufa, amma muryar tana nan.

Mai kwamfuta ya yi mana bayanin yadda za a yi. Za a raba takarda mai batutuwa goma sha biyu. Kowa ya ba kowane batu maki, daga ɗaya zuwa biyar, ba tare da ya sa suna ba. A tattara, a nuna mana inda aka karkata, a sake rabawa kowa ya sake tunani, har sau uku. Ya ce an yi haka ne don ƙarami ya faɗi ra'ayinsa ba tare da jin nauyin babba ba. Na dube shi na ce a raina, bawan Allah, ba ka san mu ba.

Yawancin batutuwan ba abin musu. Wa zai riƙe wayar asibiti, yadda za a yi caji inda ba wuta, a tura rahoton ɓarkewar cuta ta waya maimakon jiran motar kasuwa. Duk na ba su biyar da zuciya ɗaya, don na ga amfaninsu. Da na zo na bakwai sai na ajiye biro. Cewa ya yi a riƙa tura wa kowane mai tarin fuka saƙo da sunansa zuwa lambar da ya bayar, kuma kafin nan ofis ya buga kowace lamba ya tabbatar da ita. In aka buga za a same ni, a ce in kawo na gaskiya. Ranar Laraba ta gaba saƙon ƙanwar nan zai shiga wayar dillalin da ya karɓi na yayarta, a rumfar mai shayin nan. Saura mata wata huɗu.

Ɗaya na so in sa. Tsoro ya sa na ƙara, na rubuta biyu.

Da aka nuna sakamakon zagayen farko, mu shida ne muka ba batu na bakwai ƙaramin maki. Na ɗan sami numfashi. Amma da aka fita shan ruwa, likita ya tsaya a baranda da kofinsa, ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe har yanzu akwai masu tsoron waya a cikinmu." Ya yi dariya, aka taya shi. Shi ke nan. Ba wanda ya tilasta wa kowa, amma a wajenmu in babba ya nuna inda ya fuskanta, kunya kaɗai ta isa ta juya mutum. Zagaye na biyu, sauran mutum biyar ɗin duk suka koma maki huɗu da biyar. Saura takarda ɗaya tilo mai maki biyu, tawa.

Mai kwamfuta ya ce a ƙa'ida batun ya wuce, mutum ɗaya ba ya hana shi. Likita ya ce shi ba rinjaye yake so a rubuta ba, so yake a ce baki ɗaya aka yarda. Ya karɓi takardun yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo ya tsaya a kan wata, ya gyara tabarau.

Bayan sallar la'asar ya aika a kira ni gindin darbejiya.

"'Yata, na ga agwagwarki," in ji shi.

Na sunkuyar da kai.

"Ke da asibitinki ya fi na kowa? Da rahotonki na shawo kan mutanen nan. Me kika gani?"

"Ranka ya daɗe, matan ƙauye ba su da waya."

"Naki matan a birni suke? Ba ga shi suna zuwa ba?"

Ni mai baki, ranar bakina ya mutu. Ya ce gobe mai kwamfuta zai tura saƙon Laraba daga cikin zauren kowa ya gani da idonsa, sannan ni in tashi in gaya wa mutane yadda na yi nasara. Ya dafa kaina kamar yadda yake yi a da, ya tafi.

A gidan goggota na sauka. Da safe ta kawo mini kunu da ƙosai, na kasa ci, ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne. Lissafin a fili yake. In na kashe wayar, saƙonni su tafi shiru, in tashi in yi ƙarya, batu ya wuce, asirina ya tonu bayan sati biyu a ofis, lokacin ba mai sake taron masana saboda ni. In na bar ta a kunne, ya tonu yau a gaban kowa, kuma canza bayanan rajista laifi ne da ake korar mutum a kansa. A ƙofar zauren an manna takarda cewa a kashe waya. Na kashe ta tun daga gida. Da na zo bakin ƙofa na tsaya kamar mai gyara takalmi, na sa hannu a jaka na kunna. Har yau ban san ko jarumta ce ko taurin kan da aka san ni da shi ba.

Ƙarfe goma aka tayar da janareta. Mai kwamfuta ya haska jerin a bango, ba sunaye, lambobin kati kawai. Ya ce duk saƙon da ya fita, layinsa zai koma kore. Ya fara da sauran asibitoci biyu, layuka suna komawa kore, mutane suna gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ga na Nguru, zakaran gwajinmu."

Layi na farko na wani tela ne mai wayarsa, ya wuce shiru. Na biyu ya yi kore, jakata ta yi kuka.

Aka yi 'yar dariya. Likita ya ɗago ya ce, "Wa ya bar waya a kunne?"

Na uku ya yi kore, ta sake. Na huɗu ma. Wanda ke kusa da ni ya matsa da kujerarsa. Mai kwamfuta ne ya fara ganewa. Ya dubi bango, ya dubi jakata, ya ɗauke hannunsa daga kan kwamfutar, amma saƙonnin sun riga sun hau layi, suka ci gaba da tafiya da kansu. Na ciro wayar na ajiye ta a kan tebur, tana kuka tana zagaya kanta a kan katako. Ba wanda ya ƙara dariya. Sau goma sha ɗaya ta yi kafin ta yi shiru.

Na tashi. Na ba su labarin mai nono tun daga bakin zane har zuwa mai shayi, ban ambaci sunanta ko rugarsu ba. Na faɗi faɗan da na yi mata. Na ce ta rasu. Na ce nasarar da ake yabo ba ta saƙo ba ce, ta ƙafata ce, kuma duk matan nan goma sha ɗaya lambobin aro suka kawo.

Likita bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratar da ni.

"Lambobin gaskiya suna ina?"

"Suna wajena, ranka ya daɗe."

"Kawo su. Yau za a gyara rajista."

Ya miƙo hannu. Littafin yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata, kuma kowa ya ga yadda na matse ta. Shekara goma sha wani abu ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ko a ɓoye, balle a gaban na ƙasa da shi.

"Ba zan bayar ba," na ce.

"Me kika ce?"

"Ku kore ni in kun ga dama. Akwai wadda in saƙonta ya shiga wayar da ke cikin littafin nan, ta bi yayarta. Ba zan bayar ba."

Hannunsa ya daɗe a miƙe. Can sai wata dattijuwar ungozoma daga Machina, Babarbariya, wadda tun jiya ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafi ta ce, "Likita, a yi mini afuwa. Mu ma a wajenmu wayar mai caji ce. Abin da ya shigo da safe, kafin azahar gari ya ji." Wani jami'i daga Yusufari ya ce su a ƙauyukansu sai an hau tudu ake samun sabis, kuma wanda ya hau shi yake karanto na kowa. Sai ga na uku, ga na huɗu, ga na biyar. Wato duk sun sani. Su ne biyar ɗin da suka juya jiya. Maimakon in ji sanyi, haushi ne ya turnuƙe ni, don da wayata ba ta yi kuka ba da haka za su sa hannu su koma gida.

Zagaye na uku ba a ba ni takarda ba, likita ya ce in jira a waje. A baranda na zauna ina jin motsin kujeru. Mai kwamfuta ne ya fito ya gaya mini batu na bakwai ya faɗi. Ya ce likita da kansa ya sake rubuta shi: kafin a karɓi lamba a tambayi mara lafiya wayar ta wace ce, in ta aro ce kada a tura komai sai da yardarsa, kuma ko ta wa ce kada saƙo ya ambaci ciwo. An yarda da wannan baki ɗaya. Sannan ya ce, "Malama, da kin gaya mini tun farko." Gaskiyarsa ce.

Da biron da likita ya gyara batun, da shi ya sa hannu a takardar tuhumata. Ba a kore ni ba. An sauke ni daga shugabanci, aka tura ni wani ƙauye can bayan Yusufari, cikin rairayi, aka ba ni sati biyu in tattara. Ranar da na je karɓar takardar ya kira ni da malama, kuma har ya bar aiki bai sake ce mini 'yata ba. Wannan ya fi sauke ni ciwo.

Kafin in tafi na damƙa littafin a hannun mataimakiyata, bayan ta rantse mini. Ƙanwar nan kuwa mahaifiyata na bar wa. Mataimakiyar ta kawo magani gida, inna ta juye nono ta sa a ƙwarya. Inna ba ta tambaye ni ciwon mene ne ba, cewa kawai ta yi nonon yarinyar yana da kyau.

Sai da na yi wata biyar ban zo gida ba. Ina sauka, kafin in ajiye jaka, na tambayi inna. Ta ce ƙwarya ba ta taɓa fashi ba, kuma wancan watan yarinyar ta ce an sallame ta. Washegari ranar kasuwa ce, na yafa mayafi na nufi layin masu nono.

Daga nesa na hango ta. Ta yi ƙiba har kumatu sun fito, yaron yana wasa da ludayi a gefenta. Mutum uku suna tsugune a gabanta suna jira ta dama musu fura, kuma ɗaya daga cikinsu dillalin nan ne, da wayarsa a aljihun gaba. Ya karɓi ƙoƙon daga hannunta ya kafa kai.

Ta ɗago, muka haɗa ido. Duk layin sun san ni da asibitin masu tari. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta kawar da kai ta ci gaba da damu. A garinmu ko wanda kuka yi faɗa da shi ba ya wuce ki ba gaisuwa, amma ban taɓa jin daɗin gaisuwar kowa kamar yadda na ji daɗin rashin tata ba. Na wuce ta, na tsaya wajen ta kusa da ita, na sayi nono na koma gida.